AMSOSHIN WASIƘUNKU: Kogin Kano, Daga Duwatsun Riruwai Har Tafkin Chadi

(Wannan shi ne bayanin da aka karanta a filin amsa wasiƙun masu sauraro na rediyo. Mun buga shi domin waɗanda ba su samu ji ba, da masu son su adana.)

   

Yau wasiƙu biyu na ware daga cikin tulin da ke gabana. Ba gari ɗaya suka fito ba, masu su ma ba su san juna ba, amma da na karanta sai na ga amsarsu guda ce. Dukansu sun roƙi a sakaya sunansu, to mun sakaya.

Ta farko daga wani dattijo ce, mai fataucin hatsi a ƙasar Ɗambatta. Ga abin da yake cewa: "Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Musu ne ya kaure tsakanina da abokina a rumfa. Shi ya ce Kogin Kano reshen Kwara ne, ni kuwa na ce daga dam ɗin Tiga ya taso. Amma ba musun ne ya hana ni barci ba. Babban ɗana ne ya matsa mini sai in sayar da bijimaina biyu na huɗa, ya je ƙasar Kura ya kama hayar gona ya yi noman rani. Ni ban san ruwan nan ba, ban san mafarinsa ba, balle in san ko mai ƙarewa ne. Mu nan Tomas muka sani, mun kuwa ga yadda yake ja da baya da rani. A taimaka a wayar mini da kai kafin in ja shanu zuwa kara."

Ta biyu kuwa daga wani saurayi ce a ƙasar Bichi, mai sayar da gawayi da itacen girki, wanda ake kawo masa kaya daga kudancin jiha. Shi da zafinsa ya zo. Ya ce: "Kullum ku 'yan rediyo kuna cewa a bar sare daji, wai ruwa zai ƙafe. Me ya haɗa bishiya da kogi? Ruwa ai daga sama yake zuwa. Da wannan sana'a nake ciyar da mutum tara, in na bari ku za ku ciyar da su?"

Madalla. Mun gode muku duka biyu.

RABA GARDAMA

To Baba, Allah Ya ƙara girma, matambayi ba ya ɓata. Kai da abokin naka babu wanda ya ci. Kogin Kano ba reshen Kwara ba ne, ko ɗigonsa ɗaya ba ya shiga Kwara. Ba kuma a Tiga ya taso ba, a Tiga tare shi aka yi a hanya. Wani abin da zai ba ka mamaki ma, kogin da ake kira da sunan Kano bai ratsa birnin Kano ba, ta kudu da birni yake wucewa. Rafin da ya ratsa birni shi ne Jakara.

In kana son ganin mafarinsa, sai ka hau mota ka bi hanyar Zariya, ka karya hagu a Kwanar Ɗangora, ka wuce Tudun Wada, ka ratsa Dajin Falgore, ka shiga ƙasar Doguwa, can ƙarshen jiharmu ta kudu inda ta yi iyaka da Kaduna da Bauchi. Ku fataken hatsi ba baƙin hanyar ba ne, don can ake saro masara.

Ƙasar can ba irin tamu ba ce. Mu nan galibi shimfiɗe muke, gona na bin gona, gari na hango gari. Can kuwa duwatsu ne da kwazazzabai. Duwatsun Riruwai sun haura mita 1,000 in an auna daga doron teku, alhali birnin Kano bai kai mita 500 ba. Dangin tsaunukan ƙasar Jos ne, dutse iri ɗaya, shi ya sa kuzar da aka haƙa a Jos aka haƙa a Riruwai. Tun ma kafin zuwan Turawa mutanen Riruwai ke narka kuza, fatake na saye.

Damina ma can ta fi tamu tsawo. Takan riga tamu sauka, ta kuma daɗe bayan tamu ta ɗauke. A shekara ruwan da ke sauka can yakan haura milimita 1,000, mu kuwa a nan arewa tsakanin 600 zuwa 800 muke samu. Wato inda ƙasa ta fi tudu, nan ruwa ya fi yawa, shi kuwa ruwa gangare yake bi. Kun ji dalilin da ya sa kogin ya taso daga kudu ya nufo arewa.

Babu wani ido guda ɗaya da za a nuna maka a ce ga inda kogi ya ɓuɓɓugo. Ƙoramu ne barkatai ke gangarowa daga gindin tsaunukan nan, wannan ta faɗa waccan, waccan ta faɗa wata, har su zama rafi, rafuka su zama kogi. Kogi dai bai ƙi yayyafi ba.

Amma abokinka Baba bai yi nisa da gaskiya ƙwarai ba, bari in ba shi haƙƙinsa. Dubi soron gidanka mai indararo biyu, ɗaya na zuba cikin gida, ɗaya na zuba a waje. Ruwa ɗaya ne ya sauka a kan soron, doron rufin ne ya raba shi. To haka tudun can yake. Ruwan da ya gangara ta ɗaya gefen, wajen ƙasar Lere da Saminaka, Kogin Kaduna yake shiga, Kaduna ya kai shi Kwara, Kwara ya haɗu da Binuwai a Lakwaja, su tafi teku. Wanda ya gangaro ta gefenmu kuwa shi ne Kogin Kano, kuma shi ba ya ganin teku har abada. Tafkin Chadi ya nufa.

DAJIN DA KOGI YA RATSA

Da kogin ya baro duwatsu sai ya faɗa Dajin Falgore. Dajin nan yana da nisan kilomita kamar 150 daga Kano, ya shafi ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, faɗinsa kuwa ya kusa murabba'in kilomita 1,000. Tun a shekarun 1940, zamanin Turawa, aka keɓe shi, kuma sunan da aka fara ba shi ma shi ne gandun dajin Kogin Kano. A shekarun 1960 aka mai da shi gandun namun daji.

Itatuwan can ba irin namu ba ne. Mu gawo muka sani da kuka da tsamiya da ɗorawa da kanya, kowace tsaye a gonar mai ita. Can kuwa doka ce da maje da kawo da maɗaci da marke da kaɗanya, ga gora a bakin rafuka, ga ciyawa da damina ta fi mutum tsawo. Dattawan yankin suna ba da labarin ɓauna da gwanki da mazo da gadu. Yau dai an ci dajin ƙwarai da sara da kiwo da farauta da gobara, ya kuma taɓa zama maɓoyar ɓarayin shanu da masu tare hanya.

Ƙanena na Bichi, riƙe sunan dajin nan a ranka, za mu dawo kansa. Yanzu mu bi ruwa tukuna.

TIGA DA GONAKIN RANI

Daga daji kogin ya miƙe arewa har Tiga, a ƙasar Bebeji. Nan ne gwamnatin Audu Baƙo, gwamnan farko na Jihar Kano, ta gina masa madatsa, aka gama a 1974, daidai lokacin da farin 1972 zuwa 1974 ya gigita ƙasar nan. Bangon madatsar ya kusa kilomita 6 a tsawo. An gina ta ne ta riƙe ruwa kusan kubik mita miliyan 2,000. Kubik mita ɗaya duro biyar ke nan irin na mai, sai ka yi lissafi da kanka, Baba, tunda kai ɗan kasuwa ne.

A watan Agusta na 1988 dam ɗin Bagauda, maƙwabcin Tiga, ya ɓalle ya yi ɓarna mai yawa. Bayan haka, a 1992, aka rage tsayin maƙwararar da rarar ruwan Tiga ke fita ta kanta, don gudun irin wannan. Tun daga nan Tiga ba ya riƙe ruwa kamar yadda aka tsara masa da farko.

Daga Tiga ruwa ya rabu biyu. Wani ana sakinsa ya bi tsohuwar hanyarsa ta kogi. Wani kuma ana tura shi ta Ruwan Kanya ya shiga babbar magudana, wadda manoma ke kira kanal, ya bazu a gonakin Kadawa da Bunkure da Garun Malam da Kura. Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke kula da wannan aiki. An tsara kashin farko ne ya shayar da hekta kamar 22,000. Shinkafar Kura, da alkama, da albasa, da tumatirin Kwanar Gafan da ake lodawa zuwa Legas, duk ruwan duwatsun can suka sha. To Baba, ka ji ruwan da ɗanka ke son ya je ya yi noma da shi.

Kogin ya ci gaba har yankin Tamburawa, kilomita kamar 20 kudu da birni. Nan ya gamu da ɗan'uwansa Chalawa, wanda ya taso daga yamma, aka datse shi a ƙasar Ƙaraye a 1992, wanda kuma Watari na Bagwai ke zuba a cikinsa. A yankin nan ne ake jan ruwa a tace a tura wa birni ta famfo. Daga wannan mahaɗa kogin ya juya gabas, ya kuma canja suna. Masu taswira suna kiransa Kogin Haɗejiya, mutane kuwa kowa da sunan garinsa yake kiransa, shi ya sa kake jin Kogin Wudil.

INDA DUTSE YA ƘARE, RAIRAYI YA FARA

A wajen Wudil, garin kasuwar shanu, wani abu na faruwa a ƙarƙashin ƙasa wanda ido ba ya gani. Daga Riruwai har zuwa nan, in ka yi haƙa ba da nisa ba za ka ci karo da dutse. Kogi a kan dutse yake tafiya, ruwa ba ya samun wurin nutsewa, ko'ina ƙoramu na ƙara masa. Daga Wudil zuwa gabas kuwa dutsen ya nutse can ƙasa, rairayi da laka suka binne shi. To daga nan kogi ya daina karɓa, ya koma bayarwa. Kamar ɗan kasuwa ne da ya gama sari ya shiga rabon kaya: ƙasa na sha, rana na sha, rijiyoyi na sha, fadamu na sha.

Haka yake ratsa Jigawa, ta ƙasar Ringim da Auyo har Haɗejiya. A Auyo an yi masa wata 'yar madatsa don noman rani. Bayan Haɗejiya ƙasa ta kwanta sosai, ga tsofaffin tuddan rairayi a jere, sai kogin ya rasa hanya guda, ya rarrabu. Wani reshe, Marma, ya nufi tafkin Nguru. Wani ana kiransa Burum Gana. Wani kuma shi ne tsohuwar hanyar kogin. Wannan shimfiɗar ruwa ita ce fadamar Haɗejiya da Nguru, ƙasar kifi da shinkafa da kiwo. Da hunturu tsuntsaye kan taso tun daga Turai su sauka a nan, su koma in zafi ya shigo.

A nan ne za ku ga cewa abin da aka yi wa kogi a sama, na ƙasa ne ke jin sa a jika. Kafin a gina madatsun nan, in damina ta yi kyau ruwa kan malale fiye da murabba'in kilomita 2,000 na fadama, ya ja da baya da kaka, a bi sawunsa a shuka, makiyaya su samu ciyawa, masunta su samu kifi. Da aka tare ruwa, ga kuma farin shekarun 1980, malalar ta ragu ƙwarai. Sannan ga wata sabuwar matsala. A da, da rani hanyoyin ruwan kan bushe ƙaƙas. Yanzu da ake sakin ruwa daga dam rani da damina, ba sa bushewa, sai ciyawar kacalla ta samu wurin zama. Ta toshe hanyoyi, ta tara laka, ta karkatar da ruwa: wasu garuruwa ruwa ya ci gonakinsu, wasu kuma reshensu ya ƙafe. Cikin kacallar nan ne tsuntsayen jan-baki ke kwana, da safe su faɗa wa shinkafa da gero.

Ambaliya ma ba ta daina ba. Wanda ya ga ta 2001 a Wudil da garuruwan Jigawa, ko ta 2022 da ta cinye gonaki da gidaje a ƙasar Ringim da Haɗejiya, ba ya bukatar a ba shi labari.

ƘARSHEN TAFIYA

Abin da ya tsira daga fadamar nan sai ya haɗu da Kogin Jama'are kafin Gashuwa. Shi Jama'are daga tsaunukan Jos ya taso, ya ratso Bauchi ta ƙasar Katagum. Wato 'yan gida ɗaya ne, sun rabu tun daga tudu, kowa ya bi hanyarsa, suka sake gamuwa a rairayi. Mafi yawan ruwan da ke wuce Gashuwa ma na Jama'are ne, don namu an sha shi a hanya.

Daga nan sunansa Kogin Yobe, Barebari na cewa Komadugu. Ya wuce Gaidam, ya wuce Damasak, ya zama iyaka tsakanin Nijeriya da Nijar. Jan tattasan Difa da kuke gani a buhuna a kasuwanninmu, a bakinsa ake nomawa. Daga ƙarshe ya zuba a Tafkin Chadi, wajen Boso da Malam Fatori.

Kada kuma a ce mu ne muka shanye tafkin. A farkon shekarun 1960 faɗin Tafkin Chadi ya kai murabba'in kilomita 25,000, zuwa tsakiyar shekarun 1980 ya ragu zuwa kamar kashi ɗaya cikin goma na haka, galibi saboda fari. Kashi tara cikin goma na ruwan da koguna ke kai masa daga Shari da Logon yake zuwa, ta kudu, daga Afirka ta Tsakiya da Kamaru da Chadi. Na Yobe kaɗan ne a tafki. Amma ga mutumin Gashuwa da Gaidam da Difa, wannan kaɗan ɗin shi ne rayuwarsa.

NAMU NA AREWA FA?

Baba ya ambaci Tomas. To Tomas na Ɗambatta da Makoɗa, da Gari na ƙasar Kunchi da Kazaure, da Jakara da aka datse a Wasai ta Minjibir, duk ba su da alaƙa da duwatsun Riruwai. A nan cikin ƙasarmu suke tasowa, daga ruwan da ya sauka a gonakinmu. Ba tsauni a bayansu, ba daji a bayansu, damina gajera ce. Suna nufar arewa maso gabas, da sun bar kan dutse sun hau rairayi sai su nutse. Ba don madatsun da aka gina musu daga shekarun 1970 ba, da rani yashi kawai za ka tarar, sai an tona. Ka ji bambancin Tomas da Tiga: ba girman bango kaɗai ba ne, girman abin da ke bayan bangon ne. Tiga na da tsauni da daji da doguwar damina a bayansa.

GA TAKA AMSAR, ƘANENA NA BICHI

Ka yi gaskiya, ruwa daga sama yake zuwa, Allah ke saukar da shi. Bishiya ba ta haifar kogi. Amma tambayar ita ce, in ya sauka, ina yake zuwa, kuma da wane sauri?

Bari in gaya maka abin da nakan yi wa yara lokacin da nake koyarwa a wata firamare ta ƙauye, bayan na fito daga kwalejin horon malamai. Nakan kai su gangaren kududdufi da buta biyu. Gefe ɗaya akwai ciyawa da busasshen ganye, gefe ɗaya mun share shi tas. Mu tsiyaye buta ɗaya nan, ɗaya can. A gefen da aka share, kafin ka ƙifta ido ruwa ya kai ƙasa, jajur da shi, ya kwashi ƙasa ya tafi da ita, har ya bar 'yar hanya. A gefen ciyawa kuwa sai ruwan ya ɓace, sai can an jima ka ga yana tsattsafowa a hankali, garau da shi. Je ka gwada da kanka, gani ya kori ji.

To abin da Dajin Falgore ke yi wa Kogin Kano ke nan. Ganye na karya ƙarfin ruwan sama kafin ya doki ƙasa. Saiwa na riƙe ƙasa, tana kuma buɗe wa ruwa hanyar nutsewa. Daji rumbu ne: ya karɓa da damina, ya riƙa fitarwa kaɗan kaɗan bayan ruwa ya ɗauke. In aka sare shi a kan gangare, ruwan wata guda sai ya taho a kwana biyu, ya taho da ƙasar tudun gaba ɗaya. Ina ƙasar nan za ta? Cikin Tiga za ta kwanta. Duk kwandon laka da ya kwanta a gindin dam, ya kori kwandon ruwa ke nan. Daga sama za ka ga tafki shimfiɗe kamar da, alhali cikinsa ya cike, kamar rijiyar da aka daɗe ba a yashe ba. Rijiya ana yashe ta da guga a yini ɗaya. Wa zai yashe Tiga?

Sai ka ce ina ruwan Bichi da Tiga? To tumatir da albasar da ke rumfunan Bichi da rani, da shinkafar da ake aunawa a Dawanau, da aikin da samarinmu ke tafiya ci-rani su yi a Kura da Kadawa, da kifin Haɗejiya da tattasan Difa, duk a igiya ɗaya suke rataye, kan igiyar kuwa yana ɗaure a dajin can. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Ban ce ka bar sana'arka yau ka zauna ba. Mutum tara ba wasa ba ne, ni ma ba zan iya ciyar da su ba. Laifin kuma ba naka ba ne kai kaɗai, duk wanda ya hura gawayi a gidansa, har da mai wannan magana, yana da hannu. Abin da nake roƙonka uku ne. Na ɗaya, ka riƙa tambayar masu kawo maka kaya daga ina suka yanko. Na cikin gandun hukuma haramtacce ne a doka, ranar da aka kama mota kuwa jarinka ne zai tafi. Na bakin rafi da na kan gangaren dutse su ne suka fi cutar da kogi. Na biyu, ka fara haɗawa da na gida: rassan darbejiya da sauran itatuwan da manoma ke sassabewa a gonakinsu su sake tohowa. Na uku, ka sa murhu mai tsimin makamashi cikin hajarka, ka ci riba ta nan ma.

Wannan kuwa ba baƙon ilmi ba ne a wurinmu. Wani masani Bature, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya yi shekaru yana nazarin ƙauyukan da ke kewaye da Kano. Abin da ya gani shi ne, duk da yawan jama'a, manoman nan ba su ƙarar da itatuwan gonakinsu ba, don kowace bishiya da mai ita, reshe ake sara ba gindi ba. A ƙasar Maraɗi ma, tun daga shekarun 1980, manoma suka koma barin kututture ya toho a gona suna gyara shi, har miliyoyin hekta suka sake yin itatuwa a Maraɗi da Damagaram. Dajin da ake cinyewa shi ne wanda kowa ke ganin ba na kowa ba ne.

SHAWARA GA BABA

Baba, ruwan Tiga ba irin na Tomas ba ne, yana da tushe mai ƙarfi, ba kuwa bana ko baɗi zai ƙare ba in Allah Ya yarda. Amma ruwa a dam daban, ruwa a gonar ɗanka daban. Kafin ka ja shanu, ka tashi da kanka ka je ka ga gonar. Ka duba ko tana kusa da bakin kanal ne ko can wutsiya, don na wutsiya sai na gaba sun ƙoshi yake samu. Ka duba ko magudanar da ke kai mata ruwa a yashe take ko laka da kacalla sun cike ta. Ka tambayi maƙwabtan gonar, ba mai ba da haya ba, yadda suka ƙare da ruwa bara, da lokacin da akan rufe kanal don gyara. Ka nemi shugabannin ƙungiyar masu amfani da ruwa na wurin ka ji kuɗin ruwa nawa ne, wa zai biya. A rubuta yarjejeniya gaban shaidu.

Sannan in da hali, kada ka sayar da bijiman nan duka biyu a shekarar farko. Su ne daminarka. Noman rani na da riba, yana kuma da faɗuwa: wata shekara tumatir ya yi kwantai kwando bai biya kuɗin mota ba, wata shekara tsutsa ta cinye shi kamar yadda aka gani a 2016. Yaro ya fara da kaɗan, ko ya yi rani ɗaya yana aiki a hannun wanda ya san wurin. In ya ga hanya, baɗi sai a ƙara. Shi kuwa abokin musunka, ka gaya masa kun yi canjaras, sai ku raba goro.

Jama'a, lokaci ya yi halinsa. Duk wanda ya haye gadar Wudil bayan yau, ya leƙa ƙasa ya tuna cewa ruwan nan daga duwatsun Doguwa ya taso, kuma akwai mai jiran sa a Gashuwa. A ci gaba da aiko da wasiƙu, a rubuta da kyau yadda za mu iya karantawa, a kuma sa sunan gari. Allah Ya ba mu rani mai albarka, Ya kai mu damina lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.